Chiara: Sunan 'Yan Matan Italiya Mai Nufin Haske

  

Yau tafiya ce mai nisa a gabanmu, har ƙasar Italiya, amma ba sai kowa ta tashi neman mayafi ba, daga nan inda kuke zaune za mu je mu dawo. Abin da ya jawo tafiyar kuwa saƙo ne da wata ƙanwarmu ta aiko mana. Ta ce tana da juna biyu wata bakwai, kuma an duba a asibiti an ce mata mace ce. Sunan yanka dai maigida ya riga ya yanke, sunan mahaifiyarsa zai sa. To kun san halinmu, in aka yi wa uwar miji takwara dole a nemo sunan da za a riƙa sakayawa da shi, don babu wadda za ta buɗe baki ta riƙa kiran sunan surukarta gatsal a tsakar gida. Ita kuma ta ce su Ummi da Mami da Walida sun yi yawa a danginsu. Ta ji wani suna a fim, wai Kiyara, ya kwanta mata a rai, kuma an gaya mata sunan mutanen Italiya ne. Shi ne take cewa, Anti, don Allah a bincika min asalinsa da ma'anarsa, kar in je in liƙa wa 'yata abin da zan zo ina da-na-sani.

Ƙanwata, kin yi tunani. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma matambayi ba ya ɓata. Da yawanmu sai an sha suna an watse, yarinya ta fara tafiya, sannan muke tambayar me sunan yake nufi.

Bari mu fara da yadda ake faɗarsa. Mutanen Italiya suna rubuta shi da haruffa shida: C, H, I, A, R, A. Mu da muka saba da karatun Ingilishi, muna ganin C da H a haɗe sai bakinmu ya tafi ga Ciyara, kamar za mu ce ciyawa. Ba haka ba ne. A rubutun Italiyanci, in C da H suka haɗu, sautin K suke bayarwa. Saboda haka Kiyara ake cewa, a ɗan ja tsakiyar, kamar yadda ƙanwar tamu ta ji.

Asalinsa daga harshen Latin ne, wato harshen mutanen daular Rum ta dā, wanda shi ne ya haifi Italiyanci da Faransanci da Sifaniyanci da harshen Fotugal. A Latin akwai kalmar clarus, in ana nufin namiji, da clara, in ana nufin mace. Kalmar tana da fuska uku. Tana nufin abu mai haske, kamar hantsi. Tana nufin abu garau, wanda babu gurɓata a cikinsa, kamar ruwan da ya kwanta a randa, ko muryar da ake ji tar-tar. Sannan tana nufin mutumin da ya yi fice, wanda ake hangowa daga nesa saboda shahararsa. In kuka lura duka ukun jijiyarsu ɗaya, abu ne da ba ya ɓoyuwa.

Wata za ta ce, to ta yaya Clara ta koma Chiara? Haka harshe yake, yana tauna kalma a hankali har ta sake kama. Kamar dai yadda muka karɓi Khadija muka mai da ita Hadiza da Dije, muka karɓi A'isha muka fitar da A'i da Indo. Su ma mutanen Italiya, inda Latin ya haɗa C da L a farkon kalma, sau da yawa sai bakinsu ya sassauta L ɗin ya koma kamar Y. Mabuɗi a Latin clavis ne, a Italiyanci ya zama chiave. Kira da ƙarfi a Latin clamare ne, a wurinsu ya zama chiamare. Ta wannan hanya Clara ta bi. Sauran ƙasashen Turai kuwa kowa da yadda ya riƙe ta: Faransawa suna cewa Claire, Ingilishi Clare ko Clara, Jamusawa Klara ko Clara, mutanen Sifen Clara. Duk uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Har yau kalmar tana raye a bakin mutanen Italiya, ba a suna kaɗai ba. In malama ta gama bayani a aji tana so ta ji ko an gane, sai ta ce chiaro, wato ya fito sarai? Farin wata suna ce masa chiaro di luna. Farin ruwan nan na cikin ƙwai ma chiara suke kiransa. Ke nan duk ɗan Italiya da ya ji sunan, ba ya bukatar a fassara masa, kamar dai a ce an sa wa yarinya Haske a wurinmu.

To amma sunaye masu kyakkyawar ma'ana suna da yawa, kuma da yawansu sun mutu an manta. Me ya riƙe wannan har shekara 800? Amsar tana wurin wata yarinya guda, 'yar wani gari da ake kira Asisi, a kan tudu, a yankin Umbria da ke tsakiyar Italiya.

An haife ta a 1193 ko 1194, a gidan masu sarauta da dukiya. Sunan mahaifinta Favarone, mahaifiyarta kuma Ortolana. Matan da suka zauna da ita sun ba da labari bayan rasuwarta cewa lokacin da Ortolana take ɗauke da cikinta, haihuwa ta matso, tsoro ya kama ta. Wadda duk ta taɓa shiga watan haihuwa ta san wannan tsoron, balle a zamanin da babu asibiti babu awo. Sai ta shiga coci tana addu'ar Allah Ya sauke ta lafiya. Suka ce a nan ta ji kamar ana ce mata ta kwantar da hankalinta, za ta haifi haske da zai haskaka duniya. Da ta sauka, ta ga mace ce, sai aka sa mata Chiara. Wannan ruwayar mabiya ɗarikar Katolika ce, haka suka taskace ta. Abin da ya taɓa zuciyata a ciki shi ne, sunan ya fito ne daga fargabar uwa da fatanta.

Yarinya ta tashi cikin gata, ko da yake tana ƙarama rikici ya ɓarke tsakanin talakawan Asisi da masu sarauta, har danginta suka yi gudun hijira na wasu shekaru zuwa birnin Perugia da ke kusa. Da ta isa aure, dangi suka fara shirin haɗa ta da wanda ya dace da gidansu, don a wancan zamani auren 'yar manya hanya ce ta ƙulla dukiya da dukiya. Ita kuwa hankalinta yana wani wuri. A garin akwai wani saurayi, Francesco, ɗan wani attajiri mai sayar da yadi, wanda ya bar dukiyar ubansa ya koma rayuwar talauci da wa'azi da hidimar kutare. Shi ne wanda duniya ta sani da Faransis na Asisi, wanda Paparoman da ya hau a 2013 ya rasu a 2025 ya ɗauki sunansa. Chiara ta ji wa'azinsa, ta ƙudura a ranta irin wannan rayuwa take so.

A daren Lahadin da ke gaban bikin Ista, a shekarar 1212, wasu kuma suka ce 1211, tana da kimanin shekara 18, ta sulale ta wata ƙofar gidan da ba a amfani da ita, ta gangara zuwa wata 'yar ƙaramar coci a ƙasan gari mai suna Porziuncola. A nan aka yanke mata gashin kanta, ta tuɓe kayan alfarma ta sa rigar gwado mai kaushi. Aka kai ta gidan wasu mata masu zaman ibada. Da gari ya waye dangi suka bi sawu, suka zo da lallashi da barazana. An ce ta kama ƙyallen da ke kan teburin ibada ta riƙe gam, sannan ta yaye lulluɓin kanta. Da suka ga babu gashi, suka san magana ta ƙare. Kwana 16 bayan haka ƙanwarta ta biyo ta. Daga baya wata ƙanwar ta zo, kuma bayan rasuwar maigidanta, ita kanta Ortolana ta tattaro ta dawo ƙarƙashin 'yar da ta haifa.

Iyayena mata, na san wata tana can tana cewa, yau kuma labarin gudu daga gida aka kawo mana? A'a, ba ina yaba wa gudun ba ne, tarihi nake ba ku yadda ya faru. In ma akwai darasi a wurin, na iyaye ne: a riƙa sauraron yarinya kafin a yanke mata hukuncin rayuwarta.

Ta zauna a wani ɗan gida da ke jikin cocin San Damiano, a wajen ganuwar Asisi, kusan shekara 41, har ta rasu. Mata suka riƙa zuwa suna shiga, 'ya'yan manya da 'ya'yan talakawa, ba takalmi, ba cin nama, suna kwana a ƙasa. Ita ce shugaba, amma an ruwaito ita ke wanke ƙafafun waɗanda suka dawo daga aike, ita ke jinyar marasa lafiya. Da ciwo ya kwantar da ita, wajen shekara 28 tana fama, sai ta sa a riƙa jingina ta da matashi tana kaɗi, ana yin ƙyallaye da zaren ana rarraba wa cocin ƙauyukan da ke kewaye.

Babban gwagwarmayarta kuwa da manyan cocin ne. A lokacin, duk gidan mata masu zaman ibada sai an ba shi gonaki da kadarori da za su riƙa ci daga ciki, kuma maza ne ke rubuta musu dokokin zama. Ita ta ce ba ta son gona ba ta son kadara, su dai su ci daga aikin hannunsu da abin da aka ba su sadaka. Shugabanni suna ganin hakan ganganci ne, mata a kulle ba abin dogaro, yunwa za ta kashe su. Paparoma Gregory na 9 da kansa ya nemi ta sassauta, ta ƙi cikin ladabi, har a 1228 ya ba ta takardar amincewa cewa ba mai tilasta musu karɓar dukiya. Ba ta tsaya nan ba. A ƙarshen rayuwarta ta zauna ta tsara dokokin da hannunta. A ciki ta ce matan ne za su zaɓi shugabarsu, kuma shugaba ta tara su aƙalla sau ɗaya a mako ta ji shawarar kowa, har da mafi ƙanƙanta a cikinsu. Paparoma Innocent na 4 ya amince da dokokin ranar 9 ga Agusta 1253, aka kawo mata takardar tana kan gadon ajali, ta rasu ranar 11 ga wata. Masana tarihi suna lissafa ta a matsayin mace ta farko da ta rubuta irin waɗannan dokoki don mata, coci kuma ta amince da su.

Shekara biyu kacal bayan rasuwarta, a 1255, aka sanya ta cikin waliyyan ɗarikar Katolika. Takardar da aka fitar a kan haka cike take da wasa da sunanta, ana ta juya kalmar haske ta kowace fuska. Daga nan ne sunan ya bazu. Gidajen mabiyanta suka yaɗu a Turai, iyaye suka riƙa sa wa 'ya'yansu sunanta, har garuruwa aka raɗa wa. Birnin Santa Clara na jihar Kalifoniya a Amurka, inda hedkwatar kamfanin Intel take, ya samo sunansa ne daga wata cibiyar mishan da mutanen Sifen suka kafa a 1777 da sunan wannan baiwar Allah.

Ga wani abin da ya shafe mu mu ma'aikatan watsa labarai. An ruwaito cewa a daren Kirsimetin ƙarshe na rayuwarta, ciwo ya hana ta zuwa ibada, aka tafi aka bar ta ita kaɗai, amma daga kan shimfiɗarta ta ji kuma ta ga abin da ake yi a cocin da ke can nesa, kamar tana wurin. Saboda wannan ruwaya, da talabijin ya shigo, Paparoma Pius na 12 ya ayyana ta a 1958 a matsayin waliyyiyar masu aikin talabijin. A Sifen da Filifin kuma akwai wata al'ada mai ban dariya. In biki ya matso, amarya ko danginta sukan kai ƙwai gidan mabiyanta, don a yi musu addu'a kar ruwan sama ya ɓata taro. Dalili kuwa, a harshen Sifen kalmar clara tana nufin farin ƙwai, tana kuma nufin sararawar hadari.

Mata da dama sun ɗauki sunan sun ƙara masa nauyi. Akwai Chiara Lubich, wadda aka haifa a birnin Trento a 1920 da sunan Silvia, ita ta zaɓar wa kanta Chiara don koyi da ta Asisi. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta kafa ƙungiyar Focolare, wadda daga baya ta yi aikin asibiti a Fontem ta ƙasar Kamaru, ta kuma yi fice wajen zaman fahimtar juna tsakanin addinai. Ta rasu a 2008. Akwai Chiara Appendino, wadda ta riƙe magajin garin Turin daga 2016 zuwa 2021. In muka leƙa 'yan uwan sunan, akwai Clara Barton da ta kafa ƙungiyar Red Cross ta Amurka a 1881, da Clara Zetkin ta Jamus, wadda a taron mata na Kopenhegen a 1910 ta gabatar da shawarar a ware wa matan duniya rana guda, abin da ya zama ranar 8 ga Maris da muke bukinta duk shekara.

A Italiya suna yana da ranarsa. Suna da abin da suke kira onomastico, wato ranar waliyyin da kike ɗauke da sunansa. Duk mai suna Chiara, ranar 11 ga Agusta tata ce, 'yan uwa za su kira ta su taya ta murna, a wasu gidajen har da 'yar kyauta, musamman a kudancin ƙasar. A kudancin ne kuma aka fi riƙe al'adar da za ta yi muku kama da tamu: ɗan fari sunan kakansa na wajen uba, 'yar fari sunan kakarta ta wajen uba, sannan a waiwayi dangin uwa. Bambancin shi ne su ba su da alkunyar sakayawa, kai tsaye suke kira. A farkon shekarun 2000 Chiara yana cikin sunayen da aka fi sa wa jarirai mata a ƙasar, tare da Giulia da Martina. Yayi ya juya, a ƙididdigar 2022 Sofia ce kan gaba, sai Aurora, wadda ita ma ma'anarta ketowar alfijir. Kun ga dai ba su rabu da haske ba.

Kuma hukuma tana sa ido. Wata doka ta shekarar 2000 ta hana a sa wa yaro sunan da zai zama abin dariya ko abin kunya, ta hana a sa masa sunan mahaifinsa in yana raye, ko na wansa ko yayarsa da ke raye, kuma sunaye ba za su wuce uku ba. A birnin Genoa wasu iyaye sun sa wa ɗansu Venerdì, wato Juma'a. Magana ta je kotu, alƙalai suka ce sunan zai jawo wa yaron tsokana, don yana tuna wa mutane baran nan na cikin littafin Robinson Crusoe, ga shi kuma wasu a can suna camfa ranar. Aka mai da shi Gregorio, kuma a 2008 babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin. Ku ji fa! Sunan da mu a nan muke sa wa Jummai da Ɗanjuma cikin alfahari. Ashe nauyin suna yana tafiya ne da ƙasar da ake kiransa.

Wannan ya dawo da mu kan ƙanwarmu. Kin ce a fim kika ji, ina kyautata zaton fim ɗin Indiya ne, don akwai jaruma Kiara Advani. To ita ma ba sunanta na yanka ba ne. Alia iyayenta suka sa mata, da za ta shiga fim a 2014 ta sauya, ta ɗauko Kiara daga sunan da Priyanka Chopra ta fito da shi a wani fim na 2010. Sannan akwai wani suna na mutanen ƙasar Ayalan da ake rubutawa Ciara, su suna faɗarsa Kira, wasu kuma a waje suna mai da shi Kiara. Shi wannan daga kalmar ciar ya fito, ma'anarta baƙi ko mai duhu, ana nufin mai baƙin gashi. Kunne zai ji su kusan ɗaya, amma ɗaya haske ɗaya duhu. Shi ya sa daɗin suna a kunne kaɗai bai isa hujja ba.

Saboda haka ga amsarki a taƙaice. Chiara suna ne na Italiya, tushensa Latin, ma'anarsa mai haske, garau, wadda ta yi fice. Babu zagi a cikinsa, babu abin kunya. Amma ki sani a ƙasarsa yana ɗaure da tarihin waliyyiyar Kirista, duk wanda ya san sunan ita zai fara tunawa. 'Yan uwanmu Kiristoci, musamman 'yan Katolika, da ma sun daɗe suna sa Clara, kuma yau sun ji daga inda ya taso. Ke kuma in ma'anar ce ta burge ki, kina son wadda ta fi kusa da gida, ga Munira, ga Nuriyya, duk haske suke nufi. Ki zauna da maigida ku yi shawara, ku kuma gwada sunan a bakin kakar yarinyar, tunda ita ce mai takwara, kar a zo ana kiran jikarta da sunan da harshenta ba ya iya juyawa. Duk wanda kuka tsayar, ki tabbata ranar da yarinyar ta girma ta ce, Umma, me sunana yake nufi, kina da amsar da za ki ba ta ba tare da sunkuyar da kai ba.

Allah Ya sauke ki lafiya, Ya raya abin da za ki haifa, Ya sa ta zama mai haske a gidanku. Sauran masu tambaya a kan sunaye, ku ci gaba da aiko mana, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya gwargwadon iko. A nan za mu dasa aya, sai wani makon in Allah Ya kai mu. A gaida yara, a huta lafiya.